Burtalin namun daji

Ana cikin kaka, an fara ɗibar auduga, shugaban ofishinmu a Garwa ya kira ni ya turo mini wata jakar takardu a kan tebur. Ya ce lokacin sabunta kundin tsarin gandun daji ya yi, an raba aiki, ni rabona shi ne mashigan namun daji da ke kan kwaltar Ngaundere. "Ka je ka gano mana waɗanda ke da sauran rai, ka shata su, ka dawo da hannun mutanen wurin a kan takarda." Na ce to, ranka ya daɗe. A raina na yanka wa aikin wata uku. Sai da damina biyu ta wuce kafin a kafa turken farko, kuma labarin mashigi ɗaya ne kawai zan bayar a nan.

Wanda bai san Jihar Arewa ta Kamaru ba sai an ɗan zana masa ita a ƙasa. Manyan gandun daji uku ne a jere daga yamma zuwa gabas. Faro na jikin iyakar Najeriya, hekta 330,000. Binuwai na tsakiya, hekta 180,000. Tun 1932 Faransawa suka keɓe shi, a 1968 ya zama gandun ƙasa. Buba Njida na gabas, hekta 220,000, yana manne da Sena Ura na ƙasar Cadi. A tsakaninsu akwai yankunan farauta da kowa ke kira zik, waɗanda gwamnati ke ba masu kawo baƙin mafarauta haya. In aka haɗa gandun da zik-zik ɗin, sun ɗauke fiye da kashi 40 cikin ɗari na ƙasar jihar. Duk mai maganar namun daji a nan ya riƙe wannan adadi a ransa, domin manomi da makiyayi sun riƙe shi tuni. Ba su karanta shi a littafi ba, ƙafarsu ce ta gaya musu, don duk inda suka nufa sai an ce nan ba a shiga.

Ita kuwa dabba ba ta zama wuri guda. Da rani ta gangara bakin kogi, da damina ta hau tudu ta guje wa laka. Ɓauna da gwanki da kanki da zaki, da ƙaton nan da Fulani ke kira yamusa, wanda duk dangin barewa babu mai girmansa, tun fil azal suna kai da komowa tsakanin Binuwai da Faro. Kwaltar Garwa zuwa Ngaundere ta bi gefen yamma na Binuwai, ƙauyuka suka jeru a kanta, kuma kowace shekara ƙauyen nan na miƙa hannu yana neman taɓa na gaba. 'Yan guraben dajin da suka rage a tsakaninsu, su ne mashigan. Ranar da na ƙarshe ya toshe, Binuwai ya zama garke a cikin shinge: wanda ya mutu ba mai maye gurbinsa daga waje. Mun san yadda ƙarewar dabba take. Karkandar yankin nan an bi daji an neme ta a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar wa duniya ta ƙare ƙurmus. Malamanmu na Makarantar Namun Daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970, sun gan ta da idonsu. Mu a hoto muka san ta.

Makonnin farko a kan kujera na yi su. A lokacin da dokar 1994 muke aiki, da dokar zartarwa ta 1995 da ta fayyace sha'anin namun daji; sabuwar doka ta 2024 daga baya ta zo. Kundin tsari ba ya zama abin aiki sai minista ya sa masa hannu, kuma galibi na shekara biyar ake yi. A tsohon kundin na tarar da mashigan an zana su da koren launi, miƙaƙƙu, kamar an ja su da rula. Na ɗora hotunan tauraron ɗan'adam na sababbin shekaru a kai, sai ga gonaki fal a cikin yawancinsu. Na ware waɗanda ke da alamar sauran itatuwa, na rubuta neman mota da mai da mutane.

A watan Janairu muka shiga daji, bayan wutar farkon rani ta ci ciyawa ido na iya ganin ƙasa. Mu takwas ne, da masu gadin daji da wani tsohon maharbi ɗan ƙabilar Duru, wanda ya iya Hausa tun yana saurayi saboda cinikin zuma da fatake. Baba muke ce masa. Aikin ƙidaya ba shi da wani asiri sai wahala. Za a ja layi a taswira, a saita alƙibla, a bi shi da ƙafa ba kauce wa ƙaya ba kauce wa rami. Duk sawu, duk kashi, duk tarko, duk kututturen da aka sare, duk murhun makiyaya, sai an tsaya an rubuta shi tare da lambar wurin a na'urar GPS. Mukan tashi da asuba, rana na take tsaka mu nemi inuwa.

Kwana uku muna bin koren layin nan na tsohon kundi, littafina ya cika da sawun shanu. Itatuwan kawo da maɗaci da madobiya duk an yi musu aski, makiyaya sun hau sun sassare rassan don shanu su ci ganye, sun bar gangar jiki tsaye kamar turakun rumfa. A rana ta huɗu Baba ya zauna a kan dutse ya ce, "Ɗana, layin nan naka wa ya ja shi?" Na ce manya ne suka ja tun da daɗewa. Ya ce, "To naman ba su nan. In za ka ajiye na'urarka ka biyo ni, in nuna maka."

Ya kai mu kudu, tafiyar kusan awa ɗaya, zuwa wata busasshiyar ƙorama mai duhuwar doka a gefenta. Ya tsuguna a kan yashi ya zagaye wani sawu da ɗan yatsa, faffaɗa, mai zurfi ta gaba. Ɓauna ce, ya ce, shekaranjiya da dare, su biyar, ɗaya da ɗan maraƙi. Ya miƙe ya kama wani reshen doka da ya karye sama da kaina, ɓawon ya murɗe, ganyen an zage shi. Ya ce in duba da kyau, ba sara ba ne, babu bakin adda. Yamusa ne ke sa ƙaho tsakanin rassa ya murɗa ya karya don ya kai ga ganye. Na karanta wannan a makaranta, amma ranar na fara taɓa shi da hannuna, danshin itacen bai gama bushewa ba. Muka bi ƙoramar har bakin kwalta, muka tsallaka, sawun ya ci gaba a ɗaya gefen ya nufi yamma. Namun sun bar hanyar da aka zana musu tun da hayaniya ta cika ta, sun samo wa kansu wata, kuma babu takarda ko ɗaya a ofis da ta san da ita.

Na koma Garwa da murna, na zana sabon mashigi a kan ƙoramar, na buga taswira babba. Aka rubuta takardun gayyata, aka yi taro a ajin makarantar ƙauyen. Jauro, wato mai garin, ya zo, wakilan manoma sun zo, wakilin mai hayar zik ya zo. Na tsaya cikin koren kaki na yi bayani da Faransanci, ana fassarawa da Fulatanci. Na nuna inda ba za a yi noma ba, inda ba za a yi kiwo ba, inda ba za a sari itace ba. Ban ankara ba sai daga baya cewa duk jawabina "ba za a" ne daga farko har ƙarshe.

Wani dattijo daga cikin waɗanda suka gangaro daga duwatsun Mandara ya miƙe ya ce iyayensa ba da sata suka zo ba, kira aka yi. Gaskiya ya faɗa. Tun shekarun 1970 hukuma ta ƙarfafa wa mutanen Jihar Arewa Mai Nisa gwiwa su sauko kwarin Binuwai su yi noma, fari ya koro wasu, daga baya rikicin Boko Haram ya ƙaro wasu, manoma da makiyaya. Ya ce, "Jiya an ce mu zo mu noma auduga, yau an ce ɓauna ta fi mu. Wanne za mu riƙe?" Ban da amsar da ta kai nauyin tambayar. Aka tashi, kowa ya sa hannu a takardar halarta ya karɓi kuɗin mota. A hanyar komawa na riƙe takardar nan mai hannu fiye da talatin, zuciyata na ce mini ai ga hannun mutanen da aka ce in kawo. Da na kai ta haka da an karɓa. Amma na san hannun karɓar kuɗin mota ne, ba na yarda ba. Kuma makiyayi ko ɗaya bai zo ba, alhali sawunsu ne ya cika littafina.

Mahaifina dillalin shanu ne, ya tsufa a kara. Da dare bayan isha'i na zauna a tabarmarsa na ba shi labari. Ya saurara har na gama, ya ce, "Da takarda ka kira Arɗo? Wa zai kai masa, wa zai karanta masa? Kuma ya ga kakin da ke kama masa shanu ya zo da ƙafarsa?" Ya ce kowane Bafillatanin daji yana da maigida a kasuwa, wanda ke sayar masa da sa, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa in ya shiga uku. Ta nan ake shiga. Amma kafin nan in je fada in gai da Lamiɗo, in nemi a haɗa ni da Sarkin Shanu, domin babu garken da ke sauka a ƙasar sarki ba da saninsa ba. "Ka tuɓe kakin nan, ka sa riga da hula, ka sayi goro. Zuwa da kai ya fi saƙo."

Haka na yi. A kasuwar shanu ta Ngong wani abokin mahaifina ya kama hannuna ya kai ni gindin wata bishiya inda Arɗon ke zaune a kan buzu. Daga wajen Najeriya zuriyarsu ta taso, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Muka gaisa, muka tambayi shanu da iyali da gajiya, aka kawo shayi. Sai da na sha kofi na biyu na kawo magana. Ina ta laluben yadda zan faɗi sunan abin da Hausa, don kalmar da muke amfani da ita a ofis ba ta da ma'ana a wurinsa, sai bakina ya ce, "Baba Arɗo, burtali muke so mu fitar wa namun daji."

Ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Madalla. Naman daji ma bayin Allah ne, a fitar musu. To namu fa, ina yake?"

Ya ɗauki kara ya zana mini a ƙasa. Ga tsohon burtalin da suke bi tun zamanin mahaifinsa, daga arewa ya gangaro ya bi bayan ƙauyuka ya nufi kudu. A nan gonar auduga ta toshe shi. A nan masara. A nan kuma mashayar da suka sani an kewaye ta da lambu. "Ɗan nan, saniya ba ta tashi sama. In na bi gona a ci ni tara, in na bi kwalta mota ta kashe mini, in na shiga daji yaranka su kama. A cikin ukun nan daji ne kaɗai ba ya kai ƙara da kansa, shi ya sa muke binsa da dare." Na dubi zanensa na tuna taswirata. Inda burtalinsa ya toshe, daidai nan garke ke karkata ya faɗa ƙoramar da Baba maharbi ya nuna mini. Shekara nawa muna korar shanu daga wurin, suna dawowa, muna rubuta rahoto cewa makiyaya ba sa jin magana.

Daga ranar aikin ya zama biyu, kuma na biyun ba ya cikin takardar da aka ba ni. Buɗe burtalin shanu ba hurumin ma'aikatan daji ba ne. Akwai dokar 1978 da ta kafa kwamitin sasanta manoma da makiyaya a kowace gunduma, sufurefe, wato jami'in gwamnati mai riƙe da gundumar, shi ne shugabansa, a ciki akwai malamin gona da malamin dabbobi da mai kula da filaye da sarakunan wurin. Kwamitin ne ke da ikon ware wurin noma da wurin kiwo. Na rubuta wa shugabana bayani mai shafi biyu cewa in ba a buɗe wa shanu hanya ba, duk turken da muka kafa itacen girki ne. Ya amince, ya rubuta wa sufurefe. Muka jira har aka samu ranar da kowa zai iya fita.

Da ƙafa muka bi tsohon burtalin, kwana biyu, da Jauro da Sarkin Shanu da ɗan Arɗo da manoman da abin ya shafa. Wannan tafiyar ta yi abin da taron aji bai yi ba. A cikin aji kowa wakilin jama'arsa ne, dole ya ɗaga murya a ji shi. A bakin gona kuwa mutum biyu ne da kunya goma sha biyu na auduga a tsakaninsu, kuma ana iya aunawa da igiya. Wani manomi ya yarda ya ja da baya in za a bar shi ya girbe na bana. Wani ya ce sai dai a ba shi madadi, Jauro ya nuna masa wata saura. Wani ya ƙi ƙememe, aka karkata hanyar ta bayan gonarsa, ɗan Arɗo ya ce shanu za su iya wannan kwanar. Masu lambu suka bar ƙofa guda zuwa ruwa, makiyaya suka ɗauki alkawarin ba za su sauka ba sai an kwashe amfanin gona, kuma Sarkin Shanu ne zai riƙa sanar da ranar.

Wadda ta tsaya mini a rai ita ce wata tsohuwa Bahaushiya, mijinta ya rasu, tana tuyar ƙosai a bakin kwalta. Gonarta ta gyaɗa da riɗi tana tsakiyar mashigin namun, a bakin ƙoramar. Na same ta da yamma tana ɓarar gyaɗa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaro, ka ga hannun nan? Ni da marigayi muka tumɓuke kututturan gonar nan ɗaya bayan ɗaya. Da ita na aurar da 'ya'ya biyu." Na ce na sani, Inna. Ta ce, "Ba ka sani ba. Amma faɗi abin da ka zo da shi." Sau huɗu ina komawa. A ƙarshe aka tsaya a kan za ta ƙara noma damina biyu, Jauro ya ba ta wani fili kusa da gari, samarin ƙauye da masu gadin daji su yi mata gayya su share. Ita ce kuma ta kawo sharaɗin da ya shiga kundi da bakinta: mata za su ci gaba da shiga mashigin su tsinci kaɗe da ɗorawa, su yanki ciyawar jinka, ba mai hana su. Wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba, kuma ba ya cutar da dabba ko kaɗan. Sabon filin da aka ba ta ya fi tsohon tsakuwa, na gani da idona, kuma har yau in na wuce wurin tuyarta sai na ji nauyin hakan.

Mai hayar zik ya yi nasa ƙorafin, kuma yana da hujja. Lokacin farauta daga Disamba ne zuwa Mayu, daidai lokacin da shanu ke gangarowa, kuma baƙon da ya biya maƙudan kuɗi don yamusa ba ya son jin kukan saniya. Muka nuna masa a taswira cewa burtali buɗaɗɗe zai janye shanu daga cikin zik ɗinsa, ba zai ƙaro su ba. Sai kuma maganar kuɗin haya. A ƙa'idar da muke aiki da ita a lokacin, rabi na baitulmali ne, kashi 40 na ƙaramar hukuma, kashi 10 na ƙauyukan da ke kewaye. Mutanen ƙauye suka ce suna jin labarin kashi goman nan kamar yadda ake jin labarin ruwan sama a wani gari. Muka rubuta cewa kowace shekara za a karanta adadin da baki a bainar jama'a, da abin da aka yi da shi. Muka kuma aro dabarar da ake yi a Faro, inda wasu makiyaya da ake kira TANGO ke tarar baƙin garke su nuna musu inda ake bi da inda ba a bi, ba bindiga ba kaki. Masu haƙar zinariya a cikin kogi kuwa ban iya musu komai ba. Na rubuta su a kundi a matsayin matsalar da ke nan, na bar ta a buɗe.

Rubutun kansa da Faransanci aka yi, da teburori da kasafi da ma'aunin da za a gane ko an yi aiki. Amma yarjejeniyar ƙauyen, shafi uku, na mayar da ita Hausa, wani abokin aikina ya mayar Fulatanci, aka karanta a gaban Jauro da Arɗo kafin kowa ya dangwala. Muka kuma naɗi muryar karatun muka tura ta WhatsApp, ta yi yawo daga wayar dillali zuwa ta makiyayi har rugagen da ban taɓa takawa ba.

Daga nan sai matakan tantancewa: a gunduma, a Garwa, sannan a Yawunde. A zama na ƙarshe wani masani ya ce a cire babin burtalin shanu, domin wannan kundin namun daji ne, ba na kiwo ba, a mayar da kuɗin ga sintiri da makamai. Na fahimci inda ya dosa. Duk wanda ya ga abin da ya faru a Buba Njida a farkon 2012, lokacin da mahaya dawakai ɗauke da manyan bindigogi suka tsallako suka kashe ɗaruruwan giwaye har sai da aka tura soja, ba zai raina maganar makami ba. Na nemi izini na ce, ranka ya daɗe, bindiga maganin mahayan nan ce, amma ba ta buɗe mashaya. Na tuna musu da gandun dajin Waza na Arewa Mai Nisa. Da aka gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa, ambaliyar kogin Logon da ke shayar da fadamun ta ragu, ciyawa ta mutu, namun suka ragu, makiyaya da masunta suka tagayyara tare da su, ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Kuma da aka buɗe wa ruwan hanya a 1994, tare suka fara farfaɗowa. Aka yi ta ja-in-ja har aka tashi cin abinci. Babin bai fita ba, amma an rage shi, an mayar da taswirar burtalin can baya cikin rataye. Na so ya fi haka. Na karɓa, don yana ciki, kuma abin da ke cikin kundi ana iya nemar masa kuɗi.

Bayan an sa hannu muka kafa turakun siminti, kore ga mashigin namun, ja da fari ga burtalin shanu. Simintin bai kai ko'ina ba, sauran muka zagaya jikin itatuwa da fenti. Ɗan Arɗo ne ya riƙe bokitin jan fenti, jikan dattijon nan na Mandara ya riƙe na kore. Muka ɗaura kyamarori biyu a jikin doka a bakin ƙoramar, irin waɗanda ke ɗaukar hoto da kansu in abu ya gifta.

Da rani ya zagayo na je ciro katin kyamarorin tare da Baba maharbi. Muka zauna a kan yashi na buɗe kwamfuta a cinyata. Gwaggon biri, gwaggon biri, mata uku da ƙwarya a ka, gadu, wani yaro da shanu bakwai da bai kamata su bi nan ba. Sai hoton ƙarfe biyu na dare: ɓauna a jere, idanunsu na ƙyalli, kansu ya nufi yamma. Baba ya sa yatsa a kan gilashin yana ƙirgawa, ya kai tara ya sake farawa don ya tabbata. A kan hanyar fita, daga gefen arewa, muka tarar an sare itace uku masu koren fenti, an tara rassan za a sa wuta, sabuwar gona ce ake shirin yi. Na ɗauki lambar wurin, muka wuce gidan Jauro. Ya ce baƙo ne, bai fi wata biyu da zuwa ba, da mata da yara biyar, daga arewa. Ya ce in dawo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zai kira shi, zai kuma duba ko akwai sauran fili a bayan makaranta.